Dutse Mai Kai Biyu

Sau uku sojoji suka tsayar da motar, suna hawowa su duba katin kowa su ƙirga kawuna kamar awaki. Tsoho Pyeon Gap-su ko ido bai buɗe ba, katinsa kawai yake miƙawa. Shekara talatin ke nan yana bin motar 'yan yawon buɗe ido zuwa bakin iyaka duk kaka. Ba kallo ke kawo shi ba. Kabarin mahaifiyarsa yana can ƙasar Arewa, tsallaken iyakar da ba a bari kowa ya haye, a gindin dutse mai kai biyu, inda ya baro yana ɗan shekara goma. Bana gwiwoyinsa sun ce daga wannan sun gama.

A kan tudun kallo aka ba su minti ashirin. Jama'a suka yi caa a kan tabaran hangen nesa. 'Yarsa Mi-ran, wadda ita ma furfura ta cika mata kai, ta shimfiɗa tabarma, ta jera wainar shinkafa da ƙoƙon giya, kayan gaida mamaci a al'adarsu. Tsohon ya fuskanci dutsensa yana gyara riga.

Sai ga 'yar jagora da tutarta da lasifikarta, irin matan nan da ba a tambaye su ba suke amsawa.

"Kun ga mai kai biyun can? Namu ne, sojojinmu ke kwana a kai. Arewa sai bayansa, can hagu."

"Ke yarinya," in ji Gap-su, "wa ya koya miki wannan shirme?"

"Haba Baba, ga taswira a bango. Ga ma tutarmu can a samansa."

Ya ƙura ido. Shi dai wani ɗigo ya gani, wanda ya daɗe yana ɗauka bishiya ce. Ya juya ga Mi-ran, ya tarar ta duƙufa tana gyara wainar da ba ta karkace ba.

"Kin sani ke nan."

"Na sani, Baba."

"Tun yaushe?"

"Tun zuwanmu na biyu. Naku ba a hango shi daga nan. Wannan ne ya tare shi."

"Kika zuba min ido ina ta sa goshi a ƙasa ina gaida sojoji?"

"To me zan ce? Duk shekara in mun koma gida sai ka yi wata guda kana cin abinci kana barci. In na faɗa, me zan ba ka a madadinsa?"

Ya so ya yi faɗa, amma ƙarfin faɗan ma babu. Gajiya ce ta sauko masa tun daga wuya, da wata kunya wadda bai san inda zai ajiye ta ba.

Direba ya danna hon. Mutane suka fara gangarawa, wani yana tambayar inda ake sayar da waken tsaraba.

"Baba, ka gaida kakata mana. Lokaci ya ƙure."

Gap-su bai durƙusa ba. Ya dafa kafaɗarta, ya ɗaga murya yadda ake kiran mutum ta bayan katanga.

"Inna! Gap-su ne. Ashe duk shekarun nan kina can kina cewa ban taɓa zuwa ba."