Aron Turmi

"Innar Nusaiba! Innar Nusaiba, zo ki kama min ita!"

Sahura, uwar Nusaiba, ta saki muciya cikin tukunya, ta tsallake wurin da zana ya faɗi tsakanin gidajen biyu. Ta tarar da maƙwabciyarta Ladi durƙushe a tsakar gida, rungume da ɗiyarta Tabawa. Yarinyar ta sandare, idanunta sun kafe sama, ƙafafunta na dukan ƙasa. Shekararta biyu da 'yan watanni.

"Tun yaushe?"

"Yanzu-yanzu. Tana cikin shan kunu na ga kofi ya suɓuce mata."

Babu macen garin Dareta da ba ta san wannan jijjigar ba. Bara ita ta yi ta kwashe yara gida bayan gida, har ma'aikatan lafiya suka zo suka ce gubar dalma ce da ke cikin dutsen zinarin da mata ke dakawa a tsakar gida. Aka kankare ƙasar gidaje, aka zuba sabuwa, aka tattara turamen da suka taɓa dutse aka tafi da su. Mai unguwa ya sa aka yi shela cewa kada dutse ya ƙara shiga gida.

Sahura ta riƙe ƙafafun yarinyar. Ladi ta ƙwala wa mijinta kira. Dodo makanike ne, a ƙofar gida yake gyaran babura. Ya shigo da baƙin mai a hannu, ya dubi ɗiyarsa sau ɗaya, ya juya ya tayar da babur. Ladi ta goya Tabawa, ta haye baya ko takalmi babu, suka kama hanyar asibiti a Anka.

Gidan ya yi tsit. Sahura ta ɗauki kofin, ta kife shi bisa murhu. Da ta ɗago kai sai idonta ya faɗa kan turmin da ke jingine gindin dogonyaro, taɓarya a cikinsa, da sauran garin gero manne a bakinsa. Ta zauna nan ƙasa.

Ladi da Dodo mutanen Zuru ne, Kiristoci. Shekararsu shida a unguwar. Ko a lokacin da kowace mace ke dakan dutse, Ladi ba ta taɓa yi ba, wai ƙurar tana sa ta tari. Shi ya sa da aka kwashe turame, nata kaɗai aka bari. Ya zama turmin unguwa. Mai dakan fura ta aiko, mai surfe ta aiko, Ladi ba ta hana kowa. Iyakarta ta ce, "A dai maido min shi kahin la'asar, ba aure na ba shi ba."

Wata huɗu ke nan da Muntari, mijin Sahura, ya jawo rabin buhu daga ƙarƙashin rumbu. Ragowar dutsen bara ne da ya ɓoye.

"Wanga kaɗai," ya ce mata. "In na kai shi inji bayan gari sai kowa ya sa ido. Ki daka shi nan, yini ɗaya ne, a wanke a manta."

Ta yi gardama kaɗan, sannan ta tuna kwanonin jeren da ta daɗe tana so. Da safe ta tura Nusaiba, ɗiyarta 'yar shekara uku, wurin kakarta. Ta leƙa ta saman zana ta ce, "Innar Tabawa, ara min turmi, gero zan surfa." Ladi da kanta ta mirgino mata shi.

Da Sahura ta gama dakan dutsen ta wanke turmin da toka, ta sake da sabulu, ta ɗauraye har sau uku. Ta lura da tsagar da ke can ƙasan turmin, inda yatsa ba ya shiga. Ta zuba ruwa a kai ta ce ai ya fita. Amma daga ranar ba ta ƙara aron turmin ba. Geron kunun Nusaiba inji take kai shi, ko ta niƙa a dutsen niƙa har bayanta ya sage. Ladi kuwa kowace safiya a cikin turmin take daka wa Tabawa, yarinyar kuma tana tsaye gefe, tana sa yatsa tana lashe gari. Sahura na jin lugude daga gidanta, sai ta ƙara ƙarar rediyo.

Kwana uku su Ladi suka yi a asibiti. A rana ta biyu Sahura ta kawo wa Muntari tuwo, ta tsaya kansa ba ta tafi ba.

"Malam, zan gaya wa Innar Tabawa."

"Ki gaya mata mi?"

"Ka sani."

"Ban san komai ba. Gidaje nawa turmin ga ya shiga? Ke kika ga dalma da idonki? Yara nawa suka tahi bara, duk ke kika kashe su?" Ya ture kwanon gefe. "In kwanan yarinyar ya ƙare, ya ƙare. Ki buɗe baki ki ga in ba a kore mu daga garin ga ba."

"To don mi muka hana Nusaiba cin abin da aka daka cikinsa?"

Muntari ya miƙe. Ya wanke hannu ya fita, tuwon ko rabi bai ci ba.

A rana ta uku da hantsi aka ji babur. Bai zo da gudu ba. Ladi na baya, ba ta goya yarinyar ba, a gaba ta rungume ta cikin zane. Kowa ya gane tun daga nesa.

Kafin azahar mata sun cika tsakar gidan. Wata amarya ta raɗa wa tsohuwa Saude, "Inna, su ma ana ce musu Allah ya ba da haƙuri?"

"A'a, ce mata barka da kasuwa," in ji Saude. "Ke dai ba a raba ki da shirme. Ɗiya ta rasa, ba akuya ba. Matsa in wuce."

Ladi na zaune bakin ƙofa, idanunta sun bushe. Ta ba su labari ba tare da an tambaye ta ba.

"Sun ɗebi jininta. Suka ce dalma ta yi yawa. Likitar ta ce, 'Baiwar Allah, kina dakan dutse a gida?' Na ce ban taɓa ba. Ta sake tambaya. Na rantse mata. Ta dube ni awa wadda ta kashe ɗiyarta kuma take ƙarya."

Mata suka yi salati. Sahura ta sunkuyar da kai, tana murza bakin zanenta.

Maza suka tafi gefen gonar da mai unguwa ya nuna don haƙa kabari. Muntari ne ya fara ɗaukar diga, bai dubi kowa ba. Ladi ta tashi, ta ɗauki gawar ta zagaya bayan ɗaki don yi mata wanka. Matan suka dubi juna, babu wadda ta san yadda su Ladi ke yi. Sahura ta ɗauki bokiti ta bi ta.

Ladi ta shimfiɗa tabarma, ta kwantar da yarinyar, ta fara kwance mata kitso a hankali. Sahura ta ajiye bokitin. Ta durƙusa gefenta.

"Innar Tabawa, ranar da na ce zan surfa gero, ba gero ba ne."

Ladi ba ta ɗago ba. Yatsunta suka ci gaba da kwance kitson.

"Dutse na daka. Na wanke turmin, wallahi na wanke har sau uku. Na zaci ya hita."

"In kin zaci ya hita, mi ya hana ki ƙara aro?"



"Na lura," in ji Ladi. "Ke da kike aikowa kullum, sai kika ɗauke ƙahwa. Na ce wa Dodo ko wani laihi na yi miki. Har dambu na aika miki don ki huce. Sai jiya da likita ta tambaye ni na biyu, na zauna ina lissahin gidajen da turmin ya shiga. Kowa ya dawo aro. Ke kaɗai ba ki dawo ba."

Kuka ya ƙwace wa Sahura. Ta toshe baki da gyale don kada na tsakar gida su ji.

Ladi ta shafa goshin yarinyar. "Mu yadda muka karanta, Allah da ƙasa ya gina mutum, sannan ya hura masa numhwashinsa. Wanga da ke kwance ƙasa ce, za ta koma inda ta hito. Ita Tabawa tana wurin mai numhwashin, ba ta ɓace ba, ba ta kuma ɓacewa. A tara zinarin Dareta da na duniya duka a ɗora bisa sikeli, ba shi ɗaga ran yarinya guda." Sai a nan ta dubi Sahura. "Kin san haka, tunda kin tsare Nusaiba. Numhwashin da ke cikin Nusaiba shi ke cikin tawa. Ba a hura wa taku da yawa aka rage wa tamu ba."

"Na sani. Ki tona ni gaban mutane, ki yi min duk abin da kika ga dama."

"Da na sauka bisa babur, abin da na yi niyya ke nan," in ji Ladi. "Sai na gan ki zaune cikin mata. Ke ma numhwashin nan ke cikinki. Shi ne ya ɗaure min baki, ba son ki ba."

"Ki yafe min."

"Kada ki tambaye ni yau. An umurce ni, kuma zan yi. Amma ba yau ba. Yau kuma da kanki za ki gaya wa matan unguwa su kai 'ya'yansu a duba jini. Duk sun ci daga cikin turmin."

Sahura ta gyaɗa kai. Ta san daga nan babu sauran ɓoyo, ta kuma san abin da Muntari zai ce.

Ladi ta tsoma hannu cikin bokitin, ta cire da sauri.

"Ya yi sanyi. Ba ta son ruwan sanyi. Surka mata."

Sahura ta tashi, ta ratsa ta cikin mata ba ta dubi kowa ba. Ta durƙusa gaban murhu ta hura wuta har idanunta suka yi ja. Da ruwan ya yi zafi ta kawo, ta zuba cikin bokitin kaɗan-kaɗan, tana gwadawa da bayan hannunta. Ladi ta tallabo kan yarinyar, ta kare mata idanu da tafin hannu. Sahura ta ɗebo da moɗa ta fara zubawa a hankali.