Tsatsa a Kwanson Harsashi

Kai ka kashe mini 'ya, Mthethwa. Ɗan fashi ne ya harba, amma kai ka tura ta aiki da bindigar da za ta ci amanarta.

Shekara bakwai Nokuzola tana gadi a kamfaninka, tana raka motocin kaya daga tashar jiragen ruwan Durban. Da, harsashi mai kwanson tagulla kuke ba su. Bara ka koma na baƙin ƙarfe saboda arha. Ba zan yi maka ƙarya ba, da farko har murna ta yi, don an bar su suna gwajin harbi duk wata, hannunta ya faɗa. Na gwaji daban, na tsare rai daban. Kai ka san haka. Ni a lokacin ban sani ba.

* * *

Wata Lahadi ta biyo gida cin tuwon masara, da kakinta a jiki. Ta zube harsasan a kan tebur. Duk sun yi ja-ja.

"Mama, dubi aikin iskar teku."

"Ki mayar wa mai kamfanin da tsiyarsa."

"Na mayar. Cewa ya yi in tagulla nake so, in auri mai shagon bindiga."

"Da wannan bakin naki? Wa zai kwasa?"

Tana dariya na ɗauko soson ƙarfe na tukwane. Ta ce, "Mama, bari mana." Na ce shekara talatin ina wanke tukwanen mutane, tsatsa ba ta taɓa gagara ta ba. Na dirje su ɗaya bayan ɗaya har suka yi ƙyalli, na miƙa mata ina jin na yi abin kirki. Ashe koren fentin da na kankare shi ke ɗan tare tsatsar. Bayan na cire shi, sai ta dawo ta ci ƙarfen da kyau.

* * *

Sati uku bayan nan aka tare motarsu da tsakar rana. Harbi ɗaya ta yi, kwanson ya maƙale a cikin bindigar. Direban ya ce ya gan ta durƙushe bayan taya tana ƙwaƙulo shi da farce. Da na je wanke ta, farcen a karye yake har cikin nama.

Maƙwabciyata MaCele ta karanta mini takardarku, tunda ni ban yi makaranta ba. Kun rubuta wai sakaci ne, wai ba ta kula da kayan aikinta.

Nawa laifin na faɗa da bakina, shi nake kwana da shi, shi nake tashi da shi. Saura naka. Jiya na ga abokan aikinta a bakin ƙofa suna loda irin wannan harsashin. Ka fito daga ofishin nan, Mthethwa, ka tsaya gabansu ka faɗi wanda ya saye shi, ka goge sakacin nan daga sunan 'yata.