Farar Rigar Arziki

Tiren da ke hannun Arziki ya karkata, kofuna suka yi ƙara, tsakar gidan otel ɗin ta yi tsit. Arziki ya buɗe ƙafafu ya ɗan rusuna, kamar yadda yake yi idan iska ta taso masa a kwalekwale. Ruwan ya yi rawa a cikin kofunan, ya koma ya natsu. Ko ɗigo bai zuba ba.

"Madalla, kamarad!" in ji Madam Safiyatu, malamar da gwamnati ta turo daga Parakou. "Amma ka rufe baki in kana tafiya. Baƙo zai ce haɗiye shi za ka yi."

Dariya ta ɓarke, ta Arziki ta fi ta kowa ƙarfi.

Zamanin soja ne, lokacin da kowa ya zama kamarad, wato abokin gwagwarmaya, har mai sayar da goro. Rediyo ta sanar cewa duk mai otel da ya ɗauki sababbin ma'aikata, gwamnati za ta koya musu aiki, kuma ta riƙa biyan rabin albashinsu. Alhaji Manzo, mai masaukin da ke bakin kasuwar Malanville, bai yi wata-wata ba. Ya hau keke har Garou, ya tarar da Arziki, ɗan ƙanwarsa, yana ɗinkin komar kamun kifi.

"Aje wannan tsumma, ɗana. Ka samu aikin gwamnati."

"Kawu, mi na sani a aikin otel?"

"Ai shi ya sa za a koya maka."

Haka Alhaji ya bi dangi, ya kwaso manoman albasa daga Madécali da masunta daga bakin gulbi, ya ɗinka wa kowa farar riga mai maɓallan azurfa. Arziki ya miƙa wa ƙanensa kwalekwale da koma, ya ce ya riƙe har abada. Ga shi kuwa ruwa ya fara janyewa, kifi na shirin kamuwa.

* * *

Bai taɓa jin daɗin wani abu kamar koyon nan ba. Ya gane cewa shimfiɗa gado ma sana'a ce, cewa ana miƙa abinci ta wani ɓangare a kwashe kwano ta wani. Cokali mai yatsu ya fi ba shi mamaki. Ranar farko ya ɗaga shi ya ce wannan ai mashin kifi ne da bai girma ba.

Ran Juma'a ya je gida da rigar a jikinsa. Matarsa Marka tana tsintar shinkafa, ta ɗago ta dube shi, ta riƙe haɓa.

"Wa ya rasu, aka naɗe ka da likkafani tun kana tsaye?"

"Zauna, madam," ya ce, ya kakkaɓe mata tabarma da gefen hannu. "Mi za a kawo miki?"

"Kawo mini mijina, mai ƙarnin kifi."

Amma ta zauna. Ya kawo mata fura a ƙwarya, hannu ɗaya a baya, yana rusunawa. Ta sha tana dariya har ta ƙware. Da yamma ya hange ta tana nuna wa maƙwabta rigar a kan igiya, tana hana su taɓawa.  Ya ce a ransa, 'ya'yansa ba za su san sanyin ruwan asuba ba.

* * *

Ranar kammala koyo, komanda, mai mulkin yankin, ya zo da jandarma biyu. Arziki ne ya zuba masa shayi. Mai hoto ya jera su a gaban otel, Alhaji a tsakiya da babbar riga. Madam Safiyatu ta bi su ɗaya bayan ɗaya tana sallama. Da ta zo kan Arziki ta ce, "Kai kam an haife ka don wannan aiki. Kar ka bari."

Ƙurar motar su komanda ba ta gama kwantawa ba Alhaji ya fito da buhu.

"To, 'ya'yana, Allah shi yi albarka. Kowa shi tuɓe riga shi sa nan, kar su yi datti."

"Gobe da wace za mu yi aiki, Kawu?"

Alhaji ya dafa kafaɗarsa, fuskarsa cike da fara'a. "Wane aiki? Ɗakunan nan ai ni da mai dafuwa mun ishe su. In masu dubawa na gwamnati za su zo ƙirga ma'aikata, zan aika a kira ku. Ka gaida Marka."

Sauran suka tuɓe suna raha, albasarsu na jiransu a gona. Arziki ya daɗe yana ɓalle maɓallan. Ya ninke rigar yadda aka koya masa, kafin ya sa ta a buhu.

Bai iya karɓe kwalekwalen daga hannun ƙanensa ba, don ya riga ya furta. Ya koma ɗan tuƙi a jirgin wani, bayan kifin shekarar ya wuce.  Marka kuwa tuwo ta riƙa ƙara masa a kwano, tana rage nata.

* * *

Bayan damina ya kawo kifi otel ɗin. Sabuwar motar Alhaji, fijo fara, tana tsaye a ƙarƙashin darbejiya, an lulluɓe ta da zannuwan gado. Mai dafuwa ta tare shi a ƙofar baya.

"Tsaya nan, akwai baƙi. Ƙarni zai shiga."

Ya tsaya da kwando a ka. Ta taga ya hango hoton a bango, cikin gilashi: su duka cikin fari, shi a dama da Alhaji, baki har kunne. Wani baƙo ɗan kasuwa daga Kamba yana kallon hoton, yana jiran a kawo masa ruwa.

"Alhaji, ina duk waɗannan ma'aikatan naka?"

"Suna hutu," in ji Alhaji.

Baƙon ya gyaɗa kai, ya miƙe, ya je randa ya ɗebo da kansa.