Na'ura a Kan Yaya Fergus

Yayana Fergus ya yi rayuwarsa yana aske gashin tumaki a gonakin yammacin jihar Victoria. Da ciwon jijiya ya kama shi, hannuwan ne suka fara mutuwa, sai ƙafafu, daga baya harshe ya yi nauyi. Matarsa ta daɗe da rasuwa, don haka na kwashe kayana na dawo gidansa.

Ana nan likitoci a birnin Melbourne suka yi masa tayin shiga wani gwaji. Za a zura wata 'yar na'ura ta jijiyar wuyansa har ta kai kusa da ƙwaƙwalwa, in ya yi niyyar motsi ta isar wa kwamfuta, ya riƙa rubutu ba da hannu ba.

Kafin mako ya zagayo labari ya cika gari. Wasu suka ce gwamnati za ta riƙa karanta tunaninsa, wasu suka ce an mai da shi ɓeran gwaji. Wanda ya fi kowa zafi shi ne amininsa Stavros, mai soya kifi da dankali a bakin titi. Ya shigo mana yana ƙarnin mai, ko zama bai yi ba.

"Kai mutumina, ka haukace? Kan naka da ma ba wani abin kirki a ciki, shi za ka ba su su jona wa waya? In kamfanin da ya ƙera na'urar ya rushe fa, wa zai cire maka ita? Ni da cokalin suya?"

Yaya ya yi dariya har ya sarƙe. Da ya huce, ya yi magana a hankali, ni ce mai fassara don na saba da harshensa.

"Ya ce kai za ka raka mu Melbourne. Bakinsa ya mutu, naka kuwa ba ya hutawa. Duk abin da ka faɗa nan, ka je ka faɗa wa likita."

Stavros ya rufe shagonsa, ya sa rigar da yake zuwa jana'iza da ita, muka kama hanya. Likitar, Dakta Pham, mace ce mai sanyin magana. Ya tsare ta da tambayoyi har na fara jin kunya. Abin da ya fito daga kan Fergus, na waye? Za a sayar wa wani? In jini ya daskare a wurin fa? In ya ce ya fasa a tsakiya?

Ta amsa ɗaya bayan ɗaya ba tare da ta ɓata rai ba. Da ya zo kan rushewar kamfani, sai ta ce:

"Asibitinmu zai ci gaba da duba lafiyarsa. Amma ko na'urar za ta ci gaba da aiki, wannan ban sani ba. Kuma cire ta ba abu ne mai sauƙi ba."

"Ka ji ko?" in ji Stavros. "Tashi mu tafi."

Yaya ya girgiza kai. Ya ce wadda ta iya cewa ba ta sani ba, ita zai ba wuyansa. Ya ce ya san abin ba zai warkar da shi ba, amma in an koyi wani abu a kansa, na bayansa za su samu.

Aka yi aikin. Watanni suka shuɗe yana zaune gaban kwamfuta yana gumi, 'yar alamar da zai riƙa zaɓen haruffa da ita tana yawo inda ta ga dama. Wata rana ya yi kuka. Kashegari ya sa na sake kunna masa. A lokacin maganarsa ta ɗauke gaba ɗaya. Ran da haruffa suka fara jeruwa, Stavros na tsaye a bayansa, ya karanta da ƙarfi: "Kifinka gishiri ya yi yawa."

"Ka ga abin da nake gudu," in ji shi, yana share ido da bayan hannu. "Sun ba jaki alƙalami."

Bai sauya ra'ayi ba, kuma Yaya bai taɓa neman ya sauya ba. Da wata mata daga garin Hamilton ta bugo waya, an yi wa mijinta irin tayin, tana so Yaya ya ƙarfafa musu gwiwa, sai ya rubuta mata duk wahalar da ya sha da daɗin da ya ji, ya kuma tura musu Stavros ya raka su wurin likita da tambayoyinsa. Suka je, suka ji amsoshi, mijin ya ce shi ba zai yi ba.

Na faɗa wa Yaya a ɗarare, ina tsammanin ransa zai sosu. Ya daɗe yana haɗa haruffa.

"Madalla. Kansa ne. Ki gaishe su."

Sannan ya rubuta in tura shi waje a keken guragunsa, ana wucewa da garken tumakin maƙwabcinmu, yana so ya ga ko an yi musu aski mai kyau.