Kujera Mai Ƙulli Uku

Shekara ashirin da shida Tchima ta yi tana ɗinki a kan turmi. Ba ma turmin kirki ba, tsohon turmin uwar mijinta ne da bakinsa ya tsage aka yar da shi bayan rumbu. Ranar da aka kawo mata keken ɗinki ta rasa abin zama mai tsayi, sai ta mirgino shi ta kife, ta ninka buhu ta ɗora. Cewa ta yi kafin a samu kujera. To, ka san halin "kafin a samu". An aurar da ɗiyarta ta fari, an yaye jikoki biyu, turmi yana nan inda yake.

Duk garin Gangara, macen da ke son riga ta zauna mata a jiki, gidan Muntari take zuwa wajen matarsa Tchima. Amma bana jikin ya ce ya gaji. Ciwon daga ƙugu yake tashi, ya gangara ta cinyar hagu, ya je ya tsaya a babban yatsa kamar an soka ƙaya. Da safe rabi-rabi take miƙewa, hannu ɗaya a bango. Ta sha jiƙo, wanzami ya yi mata ƙaho har sau biyu, ta shafa man zafi har zanen kwanciyarta ya ɗauki warinsa. Da abin ya ƙi ci ya ƙi cinyewa, ta ja ƙafa ta tafi likita.

Malamar likitar wata ƴar siririya ce ƴar Maraɗi, ko shekarun ɗiyar Tchima ba ta kai ba. Ta danna nan, ta danna can, ta sa ta ɗaga ƙafa.

"Inna, kan me kike zama in kina ɗinki?"

"Turmi."

Malamar ta ajiye bik ɗin da take rubutu da shi. "Ƙwayoyi zan ba ki, amma ba su ne maganin ba. Kujera za ki nema, mai bayan da ya miƙe ya tokare miki ƙugu. Kada ta yi hannuwa. Kuma in kin zauna tafin ƙafarki ya sauka kan matakin keke ba tare da kin miƙa ba. In kika ci gaba da turmin nan, ina tsoron kafin baɗi ƙafar nan ta daina jin maganarki, keken kuma sai dai ki rufe shi da zane. Kada ki saya sai kin zauna a kai kin gwada."

Faɗa da sauƙi. Ƙwararren kafinta guda ɗaya ne a garin, Rabilu, kuma Rabilu shi ne mijin Munira, ɗiyar Tchima ta fari. Ita ɗiyar ma Tchima ba ta taɓa kama sunanta ba tun da ta haife ta, "waccan" take ce mata, balle mijinta. In ta hango shi a hanya, sakin hanyar take ta bi ta lungun masu ƙuli. Shi kuma in ya zo gaisuwa, a zaure yake tuɓe takalmi ya durƙusa, ya gaida bango, bango ya amsa masa. Wannan za ta je ta zauna a gabansa, ya tsuguna yana auna mata ƙafa? Gara ƙafar ta guntule.

Sai ta jira ranar kasuwa. Akwai wani mai kawo kujeru, yana baza su kusa da rumfar masu nama, inda maza suka fi yawa. Ta tsaya a gabansu da mayafi a kai. Ga na roba farare, ga na katako, ga na ƙarfe. Ta danna ɗaya da hannu kamar mai zaɓen kankana.

"Zauna mana, Hajiya, zama kyauta ne," in ji mai kujeru.

Ta ɗaga ido. Wan mijinta na tsugune can yana cinikin hanta, liman na tahowa da sandarsa. Mace mai jikoki ta haye kujera a tsakiyar kasuwa, manya na tsugune a ƙasa? Ta ce za ta dawo. Ta sayi zare da allura ta koma gida, ƙafar na ja mata a hanya.

Da marece ta gaya wa mijinta. Muntari mutum ne dogo, mai son a ce ya iya sayayya.

"Wannan ai ƙaramin abu ne," ya ce. "Ranar kasuwar Gazawa zan zaɓo miki wadda babu irinta."

"Malam, cewa ta yi mai miƙaƙƙen baya, maras hannuwa, kuma a gwada."

"Na ji. Ni zan gwada miki."

Ya kuwa gwada, ba za a yi masa ƙarya ba. Da bakinsa ya faɗi cewa sai da ya zauna kan kujera tara. Ya dawo a bayan babur ɗin kabu-kabu rungume da wadda ta fi yi masa daɗi: kujerar ƙarfe mai saƙar igiyar roba, kore da ja, mai hannuwa, mai bayan da ya kwanta, irin wadda ake shan shayi a kanta a fada. Ya dire ta gaban keke yana share gumi, yana jiran a yaba.

Tchima ta zauna, ta nutse. Gwiwoyinta suka taso sama, teburin keke ya zo mata wajen ƙirji, hannuwan kujera suka tare mata gwiwar hannu. Don ta kai ga allura sai da ta zamo bakin kujerar, ta ɗosana kan sandar ƙarfe, bayan kujerar can nesa yana kallonta.

"Yaya kika ji?"

"An gode, Malam. Allah ya ƙara buɗi."

Kwana biyu ta daure. A na uku ta karkatar da wuyan rigar wata amarya, abin da ba ta taɓa yi ba, ta zauna tana farke shi da reza. Ranar ce kuma abokan Muntari suka zo, ya leƙo ya ce a ba shi aron kujerar, baƙo ba ya zama ƙasa ga kujera a gida. Aron ke nan har yau. Kullum bayan la'asar tana ƙofar gida ƙarƙashin bishiyar bedi, Muntari a kishingiɗe a kanta, butar shayi na tafasa. Kai, maza! Tchima ko fushi ba ta yi ba, fushi ma sai da ƙarfi. Ta mirgino turminta ta mayar.

Bayan sati uku, wata hantsi, tana tsakar ɗinka zane ƙafar hagu ta mutu mata a kan mataki. Tana kallonta, tana ce mata taka, ƙafar ba ta ji. Keken ya juya baya, zare ya cukuikuye, allura ta karye. Ta yi yunƙurin tashi ta kasa. Gidan babu kowa, Muntari na gona. Ta zauna nan kan turmi, hannu biyu a kan teburi, tana kallon zanen gadon da ke rataye a igiya, tana lissafin ko zai isa rufe keke. Tsoro ya kama ta sosai. Ba ta san wace ce ita ba in babu ƙarar keken nan a gidan.

A haka Hassana ta same ta. Hassana Bafulatana ce mai kawo nono daga ruga, ta daɗe tana yi wa Tchima ciniki, ita kuma tana yi mata ɗinki. Ta sauke ƙwarya, ta kama ta suka sauko kan tabarma, ta yi ta murza ƙafar da man shanu har jini ya fara dawowa yana tsattsaki.

"Yaya, turmin nan zai kashe ki," ta ce.

"Ya kusa."

Da ƙafar ta ɗan saki, Hassana ta kwance bakin zane ta fito da yadi da wata igiyar kaba. "Na innata ne. Ba ta iya zuwa gari yanzu. Ga awonta."

Ba yau Tchima ta fara karɓar irin wannan awo ba. Matan ruga da matan kulle haka suke aikowa: ƙullin farko kafaɗa, na biyu ƙirji, na uku tsawo. Ta ɗinka wa mata da yawa da ba ta taɓa ganin fuskarsu ba, kuma ba a taɓa dawo mata da riga ba. Ta riƙe igiyar tana murza ƙullin da yatsa. Ta auna amare, ta auna masu ciki, ta auna tsofaffi, rabin garin nan ta san faɗin bayansu da ka. Nata ne kawai ba ta sani ba. Wanzami dai ba ya son jarfa.

"Hassana, miƙo mini tsumman can."

Daga cikin buhun ragowar yadi Hassana ta zaro wani dogon ƙyalle, shuɗi mai ɗigon fari. Tchima ta lallaba ta koma kan turmi. Ta ɗora tafin ƙafa kan mataki, ta sa Hassana ta riƙe bakin ƙyallen a ƙasa, ta ja shi zuwa bayan gwiwa, ta ƙulla. Daga nan ta auna faɗin mazauninta, ba ta ƙara ko yatsa ɗaya ba, ta ƙulla. Sa'an nan ta kai hannu baya tana lalube har ta sami wurin, daidai inda ciwon ke kwana yake tashi. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Ta auna daga mazauni zuwa nan, ta yi ƙulli na uku, ta ja shi da haƙori.

"Kina kai nono gidan kafinta, ko?"

"Gidan surukinki?"

"Gidan kafinta na ce. Ki ba shi wannan. Na farko tsayin ƙafa, na biyu faɗi, na uku inda katakon baya zai tokare. Ban da hannuwa. Ki ce ta wata tsohuwa ce a rugarku."

Hassana ta yi dariya. "Tsohuwar ruga me za ta yi da kujera, Yaya?"

"Ke dai ki faɗa."

Kwana tara ba ta taɓa keke ba. Ta mayar wa mata biyu da yadinsu, ta ce su kai wani wuri, suka tafi suna waiwaye. Tana zaune a tabarma, baya jingine da bango, tana jin ƙarar keken wani tela can bakin kasuwa in iska ta juyo.

Ran na goma da hantsi aka yi sallama a zaure. Ta gane muryar. Ta jawo mayafi ta rufe kai, ko da yake bango na tsakaninsu.

"Ina kwana, Inna."

"Lafiya lau. Ya mutanen gidan?"

"Suna gaishe ki." Ya gyara murya. "Wata tsohuwa ce a ruga ta ba da aiki. To, rugar da nisa. Na ce ko za a ajiye mata a nan."

Tchima ta ji kunya ta rufe ta har tafin ƙafa. Ta dubi ƙasa. "A ajiye."

Ta ji ya dire abu, ta ji ya sa takalmi, ta ji tafiyarsa ta yi nisa. Sai da ta tabbata ya sha kwana sa'an nan ta dafa bango ta fita.

Ƴar kujera ce ba kyan gani, ko fenti babu. Gajera, matsattsiya, bayanta a miƙe, da katako guda ɗaya mai ɗan tudu da aka goge shi sumul. An ɗaure ƙyallen awon a jikinta. A kan mazaunin kuma akwai ƴar matashiya cushe da auduga, shuɗiya mai ɗigon fari. Sai a lokacin Tchima ta tuna inda ƙyallen ya fito. Ragowar zanen da ta ɗinka wa waccan ne, wanda aka kai ta ɗaki da shi. Ashe zanen nata waccan ta yanka ta yi matashiyar. Ta juya matashiyar ta duba ɗinkin. Na hannu ne, tsalle-tsalle, wani babba wani ƙarami, irin wanda ta sha dukan hannun yarinyar a kansa ba ta gyaru ba.

Muntari ya shigo da fartanya a kafaɗa, ya ga kujera, ya ce bari ya gwada. Ya ɗosana, rabinsa a waje, gwiwoyinsa kusa da haɓa.

"Wannan ai ba ta zaunuwa," ya ce. "Wa ya yi wannan aikin? Ko baƙo ba ka ba shi."

"Haka ne, Malam," ta ce, ta ɗauke abarta.

Ta ture turmin gefe, ta ajiye kujerar gaban keke, ta zauna a hankali. Tafin ƙafarta ya sauka kan mataki. Ta ja baya kaɗan, katakon ya same ta daidai wurin, kamar tafin hannun mutum. Ta daɗe a haka ba ta motsa ba. Gajiyar da ta sauko mata ta fi ƙarfin kuka, ta shekara ashirin da shida ce.

Can ta sa sabuwar allura, ta zura zare, ta shimfiɗa yadin innar Hassana. Ta taka da ƙafar dama. Ta hagun ta yi nauyi, ta yi jinkiri, sa'an nan ta bi. Ba da ƙarfinta na da ba, amma ta bi.

Washegari Hassana ta zo da nono, ta tsaya bakin ƙofa tana jin ƙarar keke.

"Me zan ce wa kafinta?"

Tchima ba ta ɗago ba. "Ki ce tsohuwar ta ce ta yi daidai." Ta kai ƙarshen layi, ta yanke zare da haƙori. "Ita kuma waccan, ki ce mata har yanzu ɗinkinta bai miƙe ba. Kada ta sake ta taɓa shi, a bar shi haka."