Godiyar Baffa Alu

Tun da shanyewar ɓarin jiki ta kwantar da Baffa Alu a Rurum, kalma ɗaya tak ta rage masa a baki. Mutumin da a da in ya kira shanu daga bakin rafi sai an ji shi a cikin gari!

Mas'uda, matar ɗansa Bello, ita ke jinyarsa. 'Yar cikin garin Rano ce, Fulatancinta bai wuce gaisuwa ba. Ta ajiye kunyar surukuta gefe, tana juya shi, tana ba shi kunu da cokali. Kullum sai ya dube ta ya ce, "…oɗe."

"Ba komai, Baffa," take amsawa. Har fariya take wa maƙwabta, wai surukinta ya rasa magana amma bai manta godiya ba.

Sai dai godiyar ta yi yawa. Ya gode da safe, ya gode da rana, ya gode yana hawaye, daga baya ya datse haƙora ya ƙi kunun. Kwana uku bai sa komai a cikinsa ba. Tsoro ya kama Mas'uda, don ta shaƙu da tsohon nan ƙwarai.

Washegari da safe ta kai wa Bello ƙwaryar tatsa garke, sai ta ji ya daka wa wata jar saniya tsawa: "Woɗe!"

"Me ka ce?"

"Sunanta ke nan. Baffa ne ya raine ta tun da uwarta ta mutu."

Mas'uda ta dafe ƙirji. "Wata huɗu yana kiranta ina ce masa ba komai! Kai da kake jin yaren, ina kunnenka yake?"

Bello ya sunkuyar da kai. Ɗan fari ne, kunya ba ta barinsa ya daɗe a ɗakin uban.

Kafin hantsi ta sa an shimfiɗa katifa a amalanke, aka kai Baffa garke. Saniyar ta taho da kanta, ta sunsune shi, ta hau lasar shanyayyen hannun. Aka tatso madararta da ɗumi, tsoho ya shanye rabin ƙwarya, tana zuba a gemunsa.

"Gobe ma nan za mu karya, jibi ma," in ji Mas'uda, tana goge masa baki.

Ya ɗauke ido daga kan saniyar, ya dube ta sosai.

"…oɗe."

Wannan karon sai da ta share hawayenta.

"Ba komai, Baffa."