Ƙanƙara a Ƙarƙashin Harshe

Wata huɗu muka yi muna jiran ranar da za a yi wa matata ƙarin ruwan maganin, sai ga shi ranar ta wayi gari jikinta rau da zazzaɓi.

Likita ya taɓa zana mana ciwon a bayan takarda. Ya ce jijiya kamar wayar lantarki ce mai riga, ƙwayoyin jinin da ke gadin jiki ne suka rikice, suka koma cin rigar. Ƙafarta ta hagu suka fara taɓawa, yanzu idon dama ya soma gani dishi-dishi. Maganin zai share waɗannan ƙwayoyi, amma ya ja mana kunne: ba a sa wa mai zazzaɓi, don jiki zai zauna babu mai gadi.

A barandar asibiti ta kwance wata leda, ta ciro ƙanƙara ta tura ƙarƙashin harshe.

"Me kike yi haka?" na tambaye ta.

"Rufa mini asiri, maigida. Jiya sau tara ina neman kafar allura. Ni da nake ɗinki tun ban kai tsayin keke ba."

"Rai fa ake magana."

"Ido fa? Ko ka ƙosa in huta da kallon wannan ƙaton hancin naka?"

Ta yi dariya, haƙoranta na kaɗawa. Wannan dariyar na aura, ita ce duniyata, kuma a ranar ji na yi kamar ana yanka ni da ita.

Nas ta sa mata ma'aunin zafi a baki, ta duba, ta ce lafiya lau. Ta rataye ledar maganin, ta ɗaure mata dantse, tana laluben jijiya. Matata ta kafe ni da idonta mai kyau, tana roƙo ba magana.

"Sista," na ce, "ƙanƙara ta tsotsa."

Aka sake aunawa a hammata. Aka sauke ledar. Likita ya ce sai zazzaɓin ya tafi, sai kuma an samu gurbi. Game da idon, bai yi mana alkawarin komai ba.

A matakala na kama hannunta, ba ta riƙe nawa ba.

"Koma hagu," ta ce a hankali. "Ta nan nake gani sosai. Ina so in kalli wanda ya yi mini haka tun ina iyawa."

Na koma hagu.